Burin Manomi Mai Son Daji Da Ruwa

Kaka ta wuce, gero da dawa sun shiga rumbu, an kai gyaɗa da wake kasuwa, hunturu kuwa ya fara busawa. Wannan shi ne lokacin da manomi ke samun sararin numfasawa, shi ne kuma lokacin da samarin ƙauye ke ɗauko kulki da barandami, su kira karnuka, a busa ƙaho a fita farauta. Na bakin gulbi su kuma sai ɗinkin koma da gyaran gora, suna jiran ruwa ya janye a faɗa su. Ko wanne daga cikinsu aka zauna da shi, za a tarar yana da wani buri a zuciya wanda ya ke so ya cika kafin ƙasa ta rufe masa ido.

A zamanin kakanni burin nan sananne ne. Saurayin da ya gaji harbi ya kan fara da zomo da gada, ya kai ga gwanki, sa'an nan ya tari ɓauna. In Allah ya ba shi sa'a ya kwantar da zaki ko giwa, sai a kai fata da haure fada, a yi masa kirari, wata ƙila ma wata rana a naɗa shi Sarkin Baka. Masunci kuwa burinsa ya fito da giwan ruwa wanda sai ƙarti biyu sun taru su ke ɗauka. Ba wanda zai zarge su da wannan, domin a lokacin daji ya fi gona yawa, namun dawa kuma su ke neman korar mutum daga gonarsa.

To, amma in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Saurayin da ya ɗaura aniya yau cewa sai ya kashe zaki, ya ɗauki burin da ba zai cika ba, in kuwa ya cika shi ya yi wa ƙasarsa ɓarna, ya kuma faɗa hannun hukuma. Son daji da son ruwa hali ne mai kyau, bai kamata a raba yaro da shi ba. Abin da ya kamata shi ne a sake masa lissafin abubuwan da zai sa gaba.

Abin da ya rage

Bari a fara duba abin da ya rage a dawa. Wani bincike da masana suka fitar a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma duka kimanin 400 ne, mafi yawansu kuma suna dazuzzukan da ke kan iyakar Nijar da Binin da Burkina Faso. A Nijeriya binciken bai same su ba sai a wuri biyu, Yankari da dajin tafkin Kainji, can ɗin ma 'yan ƙalilan. Raƙumin dawa, wanda a da ke yawo daga Sanagal har bakin Tafkin Cadi, ya ɓace daga ƙasar Hausa ta Nijeriya. Gauraka da tuje, waɗanda dattawa suka saba gani a fadama da saura, yau yaro ya kan girma har ya yi aure bai taɓa sa su a ido ba. Ko ungulu, da ba mahautar da ba ta cika da ita, tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

A ruwa ma haka abin ya ke. Tafkin Cadi yana da faɗin murabba'in kilomita wajen 25,000 a 1963, amma farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya cinye kimanin kashi tara cikin goma na ruwansa, ko da ya ke daga baya ya ɗan farfaɗo. Fadamun Haɗejiya da Nguru sun rage samun ambaliya bayan an gina dam na Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Ga kuma ɓarnar da mutum ke yi da hannunsa: a ja taru mai ƙananan idanu, wani ma da gidan sauro ya ke su, a kwashe uwa da 'ya'ya gaba ɗaya. Wani kuwa ya zuba magimfa ko gamalin a tafki, kifi ya taso ya mutu, kwaɗo ya mutu, shanun da suka sha ruwan su kwanta, wanda ya ci kifin shi ma ya kwana da ciwon ciki.

Manomi kada ya ce wannan ba ruwansa. Wutar da a ke cinnawa don a kori gafiya da zomo ita ce ke cinye kara da harawa, ta ƙone taki tun bai ruɓe ba, ta kashe 'ya'yan ɗorawa da kaɗanya, ta kori zuma daga amya. In ciyawa ta ƙone, makiyayi ba shi da inda zai nufa sai lambun rani, daga nan kuwa an san abin da ke biyo baya. In aka kashe mujiya da shaho da tunku, ɓera ne ke samun sarari a rumbu. Ɓeran nan kuma shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno, masu kama ɓeraye su ci kuwa suna cikin waɗanda ke jefa kansu a hatsarinsa. Saboda haka maganar daji maganar gona ce.

Wuraren da ya kamata ido ya gani

Abu na farko da ya kamata mai son daji ya sa gaba shi ne ya je Yankari ya ga giwa tana tafiya da ƙafarta. An keɓe dajin nan na ƙasar Bauci a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sa'an nan ya koma hannun Jihar Bauci a 2006. Garken giwayensa yana cikin mafi girma da suka rage a Nijeriya. Lokacin da ya fi dacewa da zuwa shi ne tsakiyar rani zuwa bazara, watau daidai lokacin da aikin gona ya yi sauƙi, domin sa'an nan ciyawa ta kwanta, ruwa ya ƙafe ko'ina, namun dawa su kan gangaro kogin Gaji shan ruwa. Mai sa'a zai ga ɓauna da gwanki da gwambaza da mazo, ga mugun dawa da gwaggon biri har cikin masauki. In ya gaji sai ya faɗa ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ke tsaye a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina. Wanda ya tsaya ya ga giwa ta ratsa gabansa da ɗanta a gefe, ya sami labarin da zai yi ta ba jikoki, giwar kuma tana nan wani ma zai gani.

Na biyu, ya je Argungu ranar su. Bikin nan ya samo asali a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya su don girmama shi, aka kuma binne tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana a 2016. Masunta dubbai ke jeruwa a bakin Matan Fada, ko wanne da komarsa da gorarsa, da an ba da alama sai su ruga cikin ruwa, cikin kamar sa'a guda a fito da abin da ya sauwaƙa. A bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ya yi. Akwai kuma kabanci, watau wasannin ruwa irin su nutso da tseren kwalekwale da kamun agwagwa, ga kuma nunin amfanin gona wanda ya shafi manomi kai tsaye.

Amma babban darasin Argungu shi ne wannan: me ya sa a ke samun kifi mai kilo 78 a Matan Fada, alhali a sauran koguna masunci sai ya yini bai cika ƙwarya ba? Dalili shi ne wurin a tsare ya ke. Sarkin Ruwa da mutanensa ba su barin kowa ya jefa koma a nan sai ranar da aka ba da izini. Kifi ya sami hutu, ya hayayyafa, ya girma. Kabawa sun riƙe wannan dabara tun kafin a kafa ma'aikatar kifi, ba kuwa abin da zai hana ko wane gari mai tafki ya kwaikwaye su.

Na uku, ya kai kansa fadamun Haɗejiya da Nguru cikin hunturu, musamman Dagona ta ƙasar Bade, inda aka keɓe wa tsuntsaye. A nan zai ga ɗinya da kirinjijiya da sauran tsuntsayen ruwa, tare da baƙin da ke tasowa tun daga Turai su ƙetare Sahara don gudun sanyin ƙasarsu, in bazara ta yi su koma. A shekarar 2000 aka sa yankin tafkin Nguru cikin fadamun da duniya ta yarda a kiyaye. Manomi zai ƙaru a tafiyar nan ta wata fuska kuma, domin zai ga yadda mutanen wurin ke cin moriyar fili guda sau uku a shekara: shinkafa da kifi lokacin ambaliya, wake da kayan lambu in ruwa ya janye, sa'an nan shanu su shigo kiwo.

Na huɗu, mai hali ya ƙetara Nijar ya ga raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Labarinsu abin a tsaya a yi tunani ne. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage a Afirka ta Yamma duka. Ba a cikin shinge su ke ba, cikin gonakin mutane su ke yawo, suna cin ganyen gawo da ƙaya, wani lokaci har su taɓa waken manomi. Hukuma ta hana kashe su, aka kuma taimaki ƙauyukan wurin da rijiyoyi da rance, samari suka sami aikin yi wa baƙi jagora. Cikin shekara ashirin da 'yan kai suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai dajin Gadabeji don a kafa sabon garke. Manoma ne talakawa, masu gero da wake kamar kowa, suka haƙura har dabbar da ta kusa ƙarewa ta dawo.

Na biyar, mai ƙarfin gwiwa ya gwada ƙafarsa a kan dutse. Ya fara da na kusa, Dala da Gwauron Dutse a Kano, ko Kufena a Zariya, inda zai tsaya a wurin da mutanen farko suka zauna ya hangi ƙasar da suka nome. In ƙarfi ya ƙaru, ga Chappal Waddi a Jihar Taraba, dutsen da ya fi ko wanne tsawo a Nijeriya, mita 2,419, cikin gandun Gashaka Gumti, wanda shi ne mafi faɗi a gandayen dajin Tarayya. Tafiyar kwanaki ce a ƙasa tare da ɗan jagora, ba kuwa ta rago ba ce.

Sai dai a yi hattara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗansu dazuzzuka, kamar Kamuku da Sambisa da Rugu, sun zama maɓoyar miyagu cikin shekarun nan, a Kure ma 'yan bindiga sun kashe mutum takwas a 2020. Mai niyya ya tambayi hukumar wurin da direbobin hanya tukuna, ya tafi cikin ayari, kada ya kwana inda bai sani ba. Kuɗin mota kuwa ba sai mai arziki ba: samari goma in suka yi adashi bayan kaka, suka ware ɗan abin da ya sauwaƙa daga kuɗin gyaɗa, ko wace shekara biyu sa iya zuwa wuri guda. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya kamata hannu ya yi

Gani kaɗai bai isa buri ba. Abu na shida shi ne saurayi ya zauna gaban tsohon maharbi ko tsohon masunci ya kwashi ilminsa tun yana da rai. Dattawan nan sun san sawun gada daban da na barewa, sun san kashin ko wace dabba da kukan ko wane tsuntsu, sun san itacen da ke nuna ruwa na kusa, da saiwar da ke maganin ƙishirwa. Masunci ya san inda yauni ke yin sheƙa cikin ciyawa, da watan da bargi ke ƙwai, da yadda gaiwa ke kwana cikin busasshen taɓo har damina ta dawo. Yawancin wannan ilmi ba a rubuce ya ke ba, ko wane tsoho ya rasu kuwa da nasa ya ke tafiya. Yaron da ya yi makaranta, in ya rubuta sunayen kifayen kogin garinsu da na itatuwan dajinsu da amfanin ko wanne, ya yi aikin da ya fi kashe ɓauna goma.

Na bakwai, kuma shi ne gaba da duka, mutum ya bar wani abu a bayansa. Ya haƙa ɗan tafki a gefen lambu ya zuba 'ya'yan tarwaɗa, in ya kula da abinci da sauyin ruwa cikin wata shida sun isa kasuwa, ruwan da ya zubar kuma taki ne ga albasa da tumatir. Ya kiwata zabi, ko ya gwada kiwon gyazbi kamar yadda manoman Gana da Binin ke yi. Ya bar tsiron gawo da ɗorawa da kaɗanya su tashi a gonarsa, yana yi musu sassabe, kamar yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun shekarun 1980 har ƙasarsu ta sake yin itatuwa. Ya tsaya a gaban dagaci ya nemi a keɓe kududdufi guda ko kurmi guda a garinsu, a ce ba su, ba farauta, ba wuta, sai ranar da gari ya yarda.

Amsa ga masu ƙorafi

Lalle akwai masu cewa wannan magana ce ta wanda cikinsa ya cika. Za su ce farauta gado ce, nama kuma ya yi tsada, in ba su kashe ba wani zai kashe. Za su ƙara da cewa giwayen Yankari su kan fito su tattake gonakin ƙauyukan da ke kewaye, dorina ta kan cinye shinkafa a ƙasar Yawuri har ta kife kwalekwale, biri da mugun dawa kuwa ba su bar wa kowa masara. Duk wannan gaskiya ne, wanda bai taɓa kwana a kan rumfar tsaron gona ba bai kamata ya raina shi ba. Haƙƙi ne a kan hukuma ta taimaki wanda giwa ta ɓata wa gona, ta kuma ba 'ya'yan ƙauyukan kewaye aikin gadin daji, domin ba wanda ya san daji kamar ɗan maharbi. In talaka bai ga amfanin giwa ba, ba dokar da za ta sa ya so ta.

Amma maganar gado ita ce ma ke ƙarfafa wannan ra'ayi. Maharban da suna da ƙa'ida. Ba su harbin mai ciki ko mai shayarwa, farautar gayya tana da lokacinta, Sarkin Dawa ke ba da izini, Sarkin Ruwa ke buɗe su. Wanda ya zuba guba a tafki, ko ya haska wa barewa fitila da dare ya harbe ta da cikinta, ba gadon kakansa ya ke bi ba. Ba wanda ya ce a daina kamun zomo da fakara da gyazbi a lokacinsu, inda doka ta yarda. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da ta Tarayya ta 1985 sun ware dabbobin da ba a taɓawa, dokar kamun kifi ta 1992 kuma ta hana su da guba da nakiya da lantarki. Abin da ya rage shi ne sarakuna da hakimai da shugabannin mafarauta su tsaya a kai, domin maganarsu ta fi ta ɗan sanda shiga kunnen samari.

A kuma lura da wani abu. Da dajin gida ya ƙare, mafarauta sun koma shiga mota suna tafiya nesa, ƙasashen da ba a san su ba, ba a jin harshensu, ga makamai a hannu cikin zamanin tsoro. Ba a manta da abin baƙin cikin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, inda aka kashe matafiya 16, mafarauta ne masu komawa gida Kano don Salla. Alhakin wannan ta'asa yana wuyan waɗanda suka aikata ta. Duk da haka ya isa ya sa iyaye su yi tunani, su gane gyaran dajin da ke bayan gari ya fi sauƙi a kan tura 'ya'ya uwa duniya neman abin da a da a ke samu a bakin gona.

To, jama'a, rani ya zo, ko wane saurayi mai jin ƙarfi yana da zaɓi. In ya bi wuta da guba, cikin 'yan shekaru zai rataye kwarinsa da komarsa don ba abin kamawa, ɗansa kuma sai a hoto zai san gwanki. In kuwa ya ɗauki waɗannan abubuwa bakwai ɗaya bayan ɗaya, yana iya kai shekara sittin bai gama ba, ko wace shekara kuma da abin da zai sa rai a kai bayan an gama girbi. Mai gona kusa da kurmi ya fara da abu mai sauƙi a wannan mako: ya share gefen gonarsa don tare gobara, ya kuma je wurin mai unguwa a yi shawarar ranar da za a tara samari kan maganar wuta da tafki.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye matafiya, ya sa a ga amfanin abin da aka shuka, amin.